Jan Ruwan da Na Ce Zoɓo Ne

Ku samarin da kuke zuwa shagona kuna cewa a koya maku aikin famfo cikin wata uku, ina jin ku. Wani cikinku ma cewa ya yi wai mi ke cikin aikin, ba gam ba ne da fayif, a shafa a liƙa? Tau, haka ne, liƙa sabon fayif ko makaho ya iya. Aikin shi ne a kai ka gaban bututun da wani ya binne, ya mutu ko ya bar gari, a ce ka faɗi inda ya fito da inda ya dosa. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a tsakanin Kankiya da Kusada, kuma har gobe in aka nuna mani bakin bututun da ba ni na sa shi ba, sai gabana ya faɗi. Ku gyara zama in gaya maku dalili.

Wurin marigayi Malam Dikko na koya, wani siririn mutum mai faɗan tsiya, wanda ya fara aikin tun ana yanka ma fayif na ƙarfe zare da hannu. Aikin farko da nike tunawa da shi a gidan wani mai sayar da hatsi ne, bangon zaure yana tsatsar ruwa, ba wanda ya san ta ina bututun ya bi. Malam Dikko bai ba ni sifana ba, bai ba ni guduma ba. Cewa ya yi in durƙusa in sa baki a bakin fayif in hura, shi kuwa ya bi gidan yana kasa kunne. Da hurawa ba ta faɗi komi ba, sai ya riƙa ƙwanƙwasa fayif ɗin ni kuma ina manne da kunne a bango. Da wannan ma ta ƙi, sai ya jiƙa bula irin ta wankin farin kaya a bokiti, ya ɗura, muka tsaya muna jiran inda shuɗi zai ɓullo. Ya ɓullo a bayan turken akuya. Kayan aikin gano bututu ke nan guda uku, baki da kunne da bula, kuma na shekara ina kansu kafin ya yarda in yanka fayif.

Abin da ya fi tsana shi ne a ce mashi "ina jin". Ran da na ce ina jin wannan ne na ban-ɗaki, da tiyo ya zabga mani a gadon baya, ya ce in ban gani da idona ba in rufe mashi baki. Masu gida kuwa kullum sun san bututunsu. Wani a Mawashi har rantsuwa ya yi mani cewa fayif ɗinshi kicin ya nufa, a gabanshi aka binne. Muka haƙa, sai ga shi ya ratsa katanga ya shiga gidan ƙanenshi.

Aikin da nike son ku ji ya zo ne farkon damina, shekarun baya kaɗan, wata ranar Alhamis. Alhaji Rabe, wani dillalin shanu ɗan Kusada, shi ya zo ƙofar shagona da direbanshi Iro, cikin wata farar mota mai tsayi kamar ta ɗaukar burodi. Irin motar nan ce ta tafi-da-gidanka. Cikinta akwai gado, da wurin wanke hannu mai famfo, da murhun girki, da ɗan ban-ɗaki mai masai. Ba don gayu ya saye ta ba. Mahaifinshi, wanda kowa ke ce ma Baffa, tsohon makiyayi ne da ke zaune a rugarsu can bayan Kaikai, ya ƙi dawowa gari. Ciwon ƙoda ya kama shi, sai ana kai shi Kano wankin ƙoda a kai a kai, ga shi bai iya daɗewa zaune cikin ƙaramar mota. Alhaji na son tsohon ya riƙa tafiya kwance, da ruwan shanshi da na alwala kusa da shi.

Ga inda matsalar take. Motar ta zo daga ƙasar Turawa jikinta cike da rubutu da zane, har da hoton wata mata da gajeren wando tana jan kare. Alhaji ya san ko za a yanka Baffa ba zai shiga motar da ke da wannan ba, sai ya ba mai fenti ya ce a goge. Mai fenti kuwa, Allah ya ba shi lada, ya goge tas. Har 'yan ƙananan takardun da aka liƙa a saman kowane murfi, masu faɗin abin da ake zubawa a ciki, duk ya kankare ya fesa fari a kai.

"Malam Sada," in ji Alhaji, "bakuna shida ne a jikinta, ba mu san na mi da mi ba ne. Gobe da safe Baffa ke da layi a Kano. Yau nike son mu ɗauko shi kafin ruwa ya ɓata hanya, mu kwana Kusada."

Na ce bari in gani. Huɗu ba su ba ni wahala ba. Na dizal hanci ya faɗa mani. Na wuta yana da ƙarafa uku a ƙarƙashin marfi, ko yaro ya gane. Wani ɗan ƙarami na tagulla na danna shi da tsinke, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, na san na iskar girki ne. Babban da ke can ƙasa mai hannun ja, wanda dunƙulen hannu zai shiga, na zubar da ƙazantar masai ne. Saura biyu. Suna jere, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba, girmansu ɗaya, zarensu ɗaya, dukansu na ɗaura tiyo ne. Iro ya ce wanda ya sayar da motar ya gaya mashi ɗaya na cika tankin ruwan sha ne, ɗaya na wanke tankin masai, amma wallahi ya manta wane ne wane.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar. Ga tankuna biyu ina gani, amma bututun duk sun shige cikin daɓen motar, tsakanin katako da soso, hannu bai kai. Na fito na hura kowane baki, iska ta dawo mani, ashe akwai ɗan marfi mai sifirin a ciki wanda sai ruwa mai ƙarfi ke tura shi. Na ƙwanƙwasa, roba ce, ba ta kai sauti ko'ina. Sai bula ke nan. Har na ɗauko ƙullin, sai na tsaya. Na ce a raina, tankin da mai ciwon ƙoda zai sha ne zan ɗura ma bula? In wani abu ya maƙale fa? Nan dabara ta zo mani, kuma ba zan ɓoye maku ba, na ji daɗin kaina ƙwarai. Mai ɗakina Dije tana yin zoɓon sayarwa. Na taka gida, ba nisa, na karɓo jarka guda wanda ta tace ba ta kai ga sa sukari ba, ja wur, mai kauri.

Na ɗaura ɗan famfon batir da nike gwaji da shi a bakin hagu, na tura rabin jarka. Na shiga motar na danna makunnin famfonta, ya fara gurnani. Na tara kwanon silba na murɗa kan famfo. Ya yi tari sau biyu, ya tofo iska, sai ga jan ruwa shaa.

Iro ya ce, "Kai, Malam Sada, aikinka sai kai."

Na lura jan bai kai wanda na zuba duhu ba, ya fi kama da ruwan hoda. Na ce ai sauran ruwan da ke cikin tanki ne ya tsinka shi. Ban ɗanɗana ba, don ina azumin Alhamis. Ban shaƙi komi ba, don hancina ya cika da dizal da sabon fenti. Bakin dama kuwa ko taɓa shi ban yi ba. Tunda na hagu ya amsa, mi zan nema a na dama? Na ɗauki burushi na rubuta SHA a saman na hagu, na rubuta WANKI a saman na dama.

Alhaji ya leƙa kwanon ya ce, "Wannan jan fa?"

"Zoɓo ne, Alhaji, na gidana. In kun isa Kusada ku ɗaura tiyo a nan ku cika a burtsatse, ku saki famfo ya wanke. Ko bai gama washewa ba, ba abin da zai yi ma mutum, ko an sha."

Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe. Ba wanda ya tambaye ni ita, ni na ƙara da kaina.

Suka tashi bayan azahar. Na kulle shago na kai ma Dije jarkarta da kwanon, da sauran jan ruwan a ciki. Na kishingiɗa a zaure ke nan sai na ji ta kira ni daga tsakar gida, da irin muryar da ba ta wasa ba.

"Malam, mi ka zuba a kwanon nan?"

"Zoɓonki mana."

"Wannan ba nawa ba ne."

Na ce mata ruwa ne ya tsinka shi. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗebo ɗan garin kanwa ta barbaɗa a ragowar da ke cikin jarka, nan take ya rine, ya koma baƙi-baƙi mai kore. Ta barbaɗa a kwanon, ya tsaya yadda yake, ko gezau. Ta ce duk macen da ta taɓa dafa zoɓo ta san bai haɗuwa da kanwa ya zauna ja. Ta tsoma yatsa ta murza, ta ce santsi gare shi. Ta ɗan taɓa a harshe ta tofar.

"Zaƙi gare shi, Malam. Ni kuwa ban sa sukari ba."

Abu biyu na gane lokaci ɗaya. Jan ruwan nan dama yana cikin motar tun daga inda ta fito, ni dai famfo kawai na kunna ya turo shi. Zoɓona kuwa wani wuri daban ya tafi, ke nan bakin da na rubuta ma SHA na masai ne. Duk ruwan da Iro zai ɗura ba zai taɓa tankin sha ba, famfon zai ci gaba da ba da wannan jan abin, ni kuma na ce a sha.

Na kira Iro, a kashe. Na kira Alhaji, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba, na sake kira aka ce ba a samun shi. Bayan Kaikai dama sabis sai an hau tudu. Na juye ragowar kwanon a gorar roba na cusa aljihu, na buga babur.

Ban san yadda na yi hanyar Kusada ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne ruwan lagireto mai sanyaya injin mota, shi ma akwai ja, shi ma an ce zaƙi gare shi. Na taɓa ganin ɗan akuyan da ya lashe shi a gareji, bai kwana biyu ba. Ina tuƙi ina salati, ina roƙon Allah ya sa taya ta fashe masu, ko su tsaya gaisuwa, ko mi ne ne dai. A burtsatsen Kusada mai kula da wurin ya ce farar mota mai ɗaki ta sha ruwa ta wuce tun ɗazu. Hadari ya haɗo ta gabas. Daga Kaikai kwalta ta ƙare mani, na bi sawun tayoyinsu cikin taɓo tsakanin gonakin da gero ya fara tsiro. Sau ɗaya babur ya zame ya kayar da ni, na fara laluba aljihu in ji gorar ba ta fashe ba kafin in duba gwiwata.

La'asar ta wuce na isa rugar. Ga motar a gindin wata tsamiya, mata sun kewaye ta da ƙorai suna leƙe. Iro na bakin ƙofa da tsumma yana matse ruwa.

"Yawwa Malam Sada, gara da ka zo. Masan nan ya cika har yana ambaliya, ja-ja da shi."

Zoɓona ke nan, ya fito inda ya shiga. Na yi sallama na hau. Baffa na kwance bisa gadon, ɗan tsoho fari siriri, an lulluɓe mashi ƙafafu. Alhaji na zaune gefenshi. A kan ɗan teburin da ke jikin gadon akwai takardar magani da kofin gilashi, da ruwan hoda a ciki bai kai rabi ba.

Na ce, "Alhaji, ya sha?"

"Magani ya haɗiya da shi. Kurɓa biyu ko uku. Lafiya?"

Baffa ya juyo da kai ya dube ni, ya yi murmushi. Hausarshi irin ta Fulanin daji ce, a hankali. "Kai ne mai zoɓon? Na ƙi shi a alwala, ruwan da ya sake launi bai yin tsarki, na ce a kawo butata. Amma ya yi daɗi. Na ce ma Rabe mutanen Kankiya har sukari suke sa ma mota."

Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na durƙusa cikin jiƙaƙƙen kafet ɗin na ce, "Baffa, Alhaji, na yi kuskure. Ba zoɓo ba ne. Cikin motar ya zo, kuma ban san ko mi ne ne ba."

Alhaji bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya ce ma Iro ya tada mota, ba sauran kwana Kusada, Kano za su miƙe. Wata tsohuwa ta rugo da ƙwaryar madara aka ba Baffa ya kurɓa, don a wurinsu ita ce maganin duk abin da aka sha. Na miƙa ma Alhaji gorar na ce a nuna ma likita. Na kashe makunnin famfon na cizge wayarshi da filaya don kar wani ya manta. Suka tafi, aka bar ni tsaye da matan rugar har ruwan sama ya sauko.

Bayan kwana shida suka dawo da shi da ranshi. Alhaji ya ce likita ya yi mashi bayani, wai a ƙasashen sanyi in za a ajiye irin wannan motar sai a ɗura mata wani ruwa don kar ƙanƙara ta fasa bututu. Iri biyu ne. Akwai wanda aka yi don bututun ruwan sha, bai cika cutarwa ba, akwai kuma irin na lagireto wanda wasu ke zubawa don araha, shi ƙoda yake nema. Da ido ba a rarrabe su. An dai yi ma Baffa wankin ƙoda da isarsu, aka riƙe shi. Gorar kuwa ta ɓace a asibitin, ba wanda ya auna ta.

Na roƙi Alhaji ya bar ni in sake aikin, ya bari. Kwana biyu na yi. Na kwance katakon gadon, na ɗaga daɓen, na bi kowane bututu da ido daga bakinshi har tankinshi. Na zubar da abin da ke ciki, na wanke tankin sau bakwai, na gwada bakin hagu na gwada na dama, na sha kofi biyu a gaban Iro. Na kankare rubutuna na farko, na buga sabo a jikin gwangwani da ƙusa na ɗaure da waya. Aikin da ya kamata in yi ran Alhamis ke nan, in ce ma Alhaji ya ɗauki jarkar ruwa daga gida tafiyar farko. Duk da haka Baffa bai sake shan ruwan famfon nan ba, da gorarshi yake tafiya.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Magana ta zaga, kun san garinmu. A kasuwa aka mai da ita falamba ya ba tsoho guba. Aikin Kusada ya ɗauke ƙaf, na Kankiya ya ragu, na koma noman 'yar gonarmu ta Fakuwa don a samu na tuwo. Amma rashin aikin bai dame ni kamar jiran ba. Duk ranar da motar za ta wuce Kano sai in tsaya bakin titi in ɗaga ma Iro hannu. "Ya jikin Baffa?" Ya ce da sauƙi. Wani satin ya ce da sauƙi yana kallon gefe. In na ji ana sanarwar rasuwa a masallaci sai in tsaya cik da abin da ke hannuna har a faɗi suna. Tsohon yana ramewa, kuma dama kafin ni yana ramewa, na sani. Na faɗa ma kaina wannan ya fi sau dubu, bai taɓa kwantar mani da hankali ba.

Bayan an yanke gero Allah ya yi mashi rasuwa. Na yi ta jan ƙafa, sai ran sadakar uku na tafi rugar. Na zauna can ƙarshen tabarma, na yi gaisuwa, aka shafa fatiha. Da na tashi tafiya Alhaji Rabe ya biyo ni har wurin babur. Ya kama hannuna ya riƙe.

"Malam Sada, kwana ne ya ƙare. Likita ma ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, kar ka sa ma ranka komi."

Na ce Allah ya jiƙanshi. Na ji wani abu ya fara sauka daga ƙirjina, karo na farko tun farkon damina.

"Kuma ya bar maka saƙo," in ji Alhaji. "Ana jibi zai rasu ya kira ni, ya faɗi mutanen da yake son a nema mashi gafararsu, ya faɗi waɗanda shi ya yafe mawa. Ya ce in gaya ma mai zoɓon nan na Kankiya ya yafe mashi, duniya da lahira."

Na yi godiya, na hau babur. Sai da na wuce Kaikai na tsaya a gefen hanya na kashe inji. Wata huɗu ina son in san ko tsohon na ganin ruwan nan ne ya ƙarasa shi, ban samu wanda zan tambaya ba. Mutum bai yafe ma wanda bai yi mashi komi ba.